Oda 1/2, 3/2 da 0.7: daga ina gutsuren lamba yake shigowa dokar saurin riyakshan?

Wata ɗaliba 'yar aji biyu a sashen kemistiri, mazauniyar Unguwar Rogo a nan Jos, ta aiko mini da tambaya mai baki biyu. Ta ce ta gani a darasi cewa rushewar asitaldihaid tana da oda 3/2, alhali abin da ta taso da shi tun sakandare shi ne oda tana nuna yawan molekul ɗin da suke karo da juna. To yaya molekul ɗaya da rabi zai yi karo? Na biyu kuma, a firaktikal sun zuba ruwan dankalin turawa a cikin haidirojin feroksaid, suka auna iskar oksijin da take fita, lissafinta ya ba ta oda 0.7. 'Yan rukuninta sun ce ta mayar da ita 1 kowa ya huta. Shin ta mayar?

Kada ki mayar tukuna, 'yata. Kuma ki sani 3/2 ɗin littafi da 0.7 ɗinki ba 'yan gida ɗaya ba ne, ko da yake dukkansu gutsuren lamba ne. Ta farkon tana da dalili tsayayye wanda za ki iya fito da shi da biro da takarda. Taki kuwa sai an bi ta a hankali, don ko dai labarin enzayim ɗin dankalin take ba ki, ko kuma labarin yadda kuka gudanar da aikin.

Tushen rikicin shi ne wancan abin da kika taso da shi. Oda ba ƙidayar molekul ba ce. Lamba ce da ake aunowa a ɗakin gwaji, kuma tambaya ɗaya take amsawa: idan na ƙara kaurin wannan sinadari, sau nawa sauri zai ƙaru? In muka rubuta sauri = k[A]^n, inda [A] take nufin kaurin sinadarin A, k kuma lamba ce tsayayya a zafi ɗaya, to n ɗin nan ita ce oda. Ki ninka [A] sau 2. Idan n = 1, sauri ya ninka sau 2. Idan n = 2, sau 4. Idan n = 1/2, sau 1.41, idan kuma 3/2 ce, sau 2.83. Ki ninka [A] sau 4, odar rabi ta ba ki sau 2, odar 3/2 ta ba ki sau 8. Babu wanda ya yanka molekul a nan. Awo ne aka yi, aka rubuta abin da aka gani.

Inda ƙidayar molekul take da gurbi shi ne a mataki guda tak, wato karo ɗaya da ya faru da gaske tsakanin ƙwayoyi. A nan kam sai cikakkiyar lamba: ɗaya, ko biyu, da ƙyar uku. Amma ikweshan ɗin da kike daidaitawa a allo ba mataki ba ne, lissafin abin da aka zuba da abin da aka kwasa ne kawai, bai san ta inda aka bi ba. A ganina laifin namu ne mu malamai. Muna koyar da Kc, lissafin daidaiton riyakshan mai zuwa da dawowa, inda lallai lambobin ikweshan suke hawa sama su zama fawa, sai mako mai zuwa mu shiga dokar sauri ba tare da mun tsaya mun ce wa yara wannan gonar daban ce ba. Alhali su kansu Guldberg da Waage, 'yan ƙasar Nowe da suka fito da dokar tasirin kauri a 1864, a rubutunsu na farko sun bar fawar a matsayin abin da gwaji ne zai tantance, ba ikweshan ba.

Kin riga kin san odar rabi ma ba ki ankara ba. Tun 1850 Wilhelmy ya auna yadda asid yake farfasa sukarin rake a ruwa, kuma saurin wannan aikin yana bin yawan H+ ne. Yanzu ki ce asid ɗin da kika zuba mai rauni ne, kamar asitik asid na cikin binega. Kin san [H+] = √(Ka × C), inda Ka ita ce lambar ƙarfin asid ɗin, C kuma kaurin da kika zuba. Da Ka = 1.8 × 10^-5, kaurin 0.1 yana ba da H+ kusan 0.0013, kaurin 0.4 yana ba da kusan 0.0027. Kin ninka asid sau 4, mai yin aikin na ainihi ya ninka sau 2 kacal. Wanda yake tsaye a waje yana auna asid ɗin da ya zuba zai rubuta oda 1/2, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da ya zuba ya rabu gida biyu kafin ya yi aiki, rabuwar nan ce ta haifi sukwaya rut. Ki riƙe wannan, don shi ne zai riƙa dawowa da kama daban-daban.

Misalin da ya fi kowanne koyarwa shi ne haidirojin da buromin: H2 + Br2 → 2HBr. In kika kalli ikweshan ɗin za ki rantse oda 2 ce, ɗaya daga nan ɗaya daga can. A 1906 Max Bodenstein na Jamus da Samuel Lind ɗan Amurka suka auna shi tsakanin digiri 200 zuwa 300, abin da suka samu shi ne:

sauri = k[H2][Br2]^(1/2) ÷ (1 + k'[HBr]/[Br2])

Ba su da bayaninsa a lokacin. Abin da ya burge ni da su shi ne ba su gyara lambar don ta yi kyau ba, yadda ta zo haka suka buga ta. Sai bayan shekara 13, a 1919 zuwa 1920, mutum uku kowa a ɓangarensa, Christiansen da Herzfeld da Polanyi, suka kawo matakan:

1. Br2 → 2Br
2. Br + H2 → HBr + H
3. H + Br2 → HBr + Br
4. H + HBr → H2 + Br
5. 2Br → Br2

Ki duba mataki na 2 da na 3 da kyau. Atam ɗin Br ya shiga a na 2, ya fito da H. Shi kuma H ya shiga a na 3, ya maido da Br. Sarƙa ke nan: an samu HBr biyu, amma yawan atam masu yawo bai ragu ba bai ƙaru ba. Na 4 ma musanya ce, H ya tafi Br ya dawo. Saboda haka wurare biyu ne kawai suke taɓa jimillar waɗannan atam ɗin, na 1 da yake haifar su, da na 5 da yake kashe su. Kuma da yake suna da zafin nama, ba sa taruwa. Cikin ƙanƙanin lokaci haihuwa da mutuwa suke daidaita. Sai mu rubuta:

k1[Br2] = k5[Br]^2, wato [Br] = √(k1/k5) × [Br2]^(1/2)

Ga rabin nan ya fito. Mataki na 2 shi ne mai nawa, saurinsa k2[Br][H2], kina zuba [Br] a ciki kin samu [H2][Br2]^(1/2) ɗin Bodenstein da Lind.

Abin da nake so ya zauna miki shi ne dalilin da ya sa [Br] take da fawa 2 a mataki na 5. Atam ɗaya ba ya mutuwa shi kaɗai, sai ya gamu da ɗan'uwansa. Ki ɗauki gidan suna. Mata 10, in kowacce ta gaisa da kowacce, gaisuwa 45 ce. Mata 20, gaisuwa 190. Mutane sun ninka sau 2, gamuwa ta ninka kusan sau 4. Ki juya shi ta baya: in kika ninka haihuwar atam sau 4, yawansu yana ninkawa sau 2 kawai mutuwarsu ta riga ta kamo haihuwar, sai ya tsaya a nan. Duk inda kika ga ana haifar abu daga molekul ɗaya amma sai biyu sun gamu yake ɓacewa, ki sa ran ganin rabi. Har da haske haka ne: in fitila ce take raba buromin ɗin maimakon zafi, saurin yana bin sukwaya rut na ƙarfin hasken, sai kin ƙara haske sau 4 kafin ki ga ninki 2.

Shi kuma ƙasan dokar, 1 + k'[HBr]/[Br2], daga rige-rigen mataki na 3 da na 4 ya fito. Atam ɗin H yana da zaɓi biyu: ya faɗa wa Br2 aiki ya ci gaba, ko ya faɗa wa HBr ya warware abin da aka ƙulla. k' ɗin ita ce k4/k3, kuma kusan 0.1 ce. A farkon riyakshan babu HBr, ƙasan ya zama 1, jimillar oda 3/2 cif. Can gaba, da HBr ya taru, ƙasan ya yi nauyi, odar buromin ta fara tafiya daga 1/2 zuwa 3/2, shi kuma HBr ya samu oda mai alamar ragi, tana dosar −1. A tsakiyar tafiya in aka tambaye ki odar wannan riyakshan, amsar gaskiya ita ce ba shi da oda guda ɗaya. Ɗalibai ba sa son wannan amsar, amma ita ce.

Rabin nan ba a oda kaɗai yake tsayawa ba, yana bin k har cikin lissafin Arrhenius, wanda yake nuna yadda k take canzawa da zafi. Tunda k ɗin da kike aunawa k2 × √(k1/k5) ce, makamashin tayarwar da za ki samu daga giraf, wato makamashin da ake buƙata kafin riyakshan ya tashi, shi ne na mataki na 2 haɗe da rabin makamashin tsinka Br–Br. Tsinka Br–Br kilojul 193 ne a kowane mol, rabinsa kusan 97. Mataki na 2 kuwa yana tsinka H–H mai 436 ya ƙulla H–Br mai 366, don haka ba zai kasa 70 ba. Jimilla wajen 170, kuma awo a wannan yankin yake faɗowa. Da a ce rabin nan kuskuren awo ne, da ba zai bayyana a wuri biyu da ba su haɗa hanya ba.

Yanzu asitaldihaid ɗinki ya zama mai sauƙi. CH3CHO → CH4 + CO, a zafin wajen digiri 500. Rice da Herzfeld, wancan Herzfeld ɗin dai bayan ya koma Amurka, su suka tsara matakansa a 1934. Molekul ɗaya ya tsinke ya ba da radikal CH3, wato gutsuren molekul mai zafin nama irin atam ɗin Br. Radikal ɗin ya fizgi H daga wani asitaldihaid ya zama mitan, ragowar CH3CO ta zubar da CO ta maido da CH3. Sarƙar tana yankewa ne idan CH3 biyu suka gamu suka zama itan, C2H6. Haihuwa tana bin [A], mutuwa tana bin [CH3]^2, don haka [CH3] tana bin [A]^(1/2). Mataki mai cin asitaldihaid ɗin kuma saurinsa k[CH3][A] ne. Rabi daga radikal, ɗaya daga molekul ɗin da ya kai wa hari: 3/2. Kuma ana samun ɗan itan kaɗan a cikin abin da ya fito, wanda ikweshan ɗin allo bai ambace shi ba sam.

Irin wannan lissafin ne yake ba da [CO][Cl2]^(3/2) a haɗa fosjin, da [CHCl3][Cl2]^(1/2) a mayar da kulorofom zuwa CCl4. Masu masana'antar roba ma da shi suke aiki kullum. A haɗa folima ta hanyar radikal, irin su folistairin da ake yin mazubin abincin tafi-da-gidanka, saurin yana bin kaurin monoma, ƙananan molekul ɗin da ake jerawa, da fawa 1, da kaurin sinadarin da ke tayar da sarƙar da fawa 1/2. Mai son aikin ya ninka sauri sai ya zuba mai tayarwar sau 4, kuma ya biya da wani abu: sarƙoƙin za su fito rabin tsawonsu, robar ta canza hali. Amma kada ki ɗauka kowace sarƙa sai ta ba da gutsure. Farfasa itan da zafi sarƙa ce, kuma odarsa tana fitowa kusa da 1. Wane radikal ne yake gamuwa da wane a ƙarshe, shi yake yanke hukunci.

To mu zo kan 0.7. Duk waɗanda na lissafa rabi-rabi suke tafiya, 1/2, 3/2, wani lokaci 5/2, saboda biyu ake rabawa. Lamba irin 0.7 ko 0.35 ko 1.3 yawanci daga wani gida take fitowa, gidan dokokin da suke da ƙari a ƙasansu. A cikin dankali akwai enzayim katales, shi yake mayar da feroksaid ruwa da oksijin. Dokar da Michaelis da Menten suka buga a 1913 ta ce:

sauri = Vmax[S] ÷ (Km + [S])

[S] kaurin feroksaid ne a nan, Vmax ƙololuwar sauri, Km kuma kaurin da yake ba da rabin wannan ƙololuwar. Idan [S] kaɗan ce, ƙasan kusan Km ne kawai, oda 1. Idan ta yi yawa, duk enzayim ɗin hannunsa cike yake, ƙari ba ya ƙara komai, oda 0. A tsakani odar tana gangarowa a hankali, kuma akwai lissafinta: n = Km ÷ (Km + [S]). A [S] = Km, n = 0.5. A [S] = 3Km, n = 0.25. Taki 0.7 tana nufin [S] wajen 0.43Km, idan har wannan dokar ce take aiki. Kin ga bambancin? Rabin buromin yana nan daram ko kin ninka kauri sau 10. Rabin enzayim kuwa masauki ne a kan hanya, kina matsa kauri ya tashi. Lamba ɗaya, asali biyu.

Haka abin yake a saman katalis mai tauri. Langmuir ya nuna tun wajen 1916 zuwa 1918 cewa gurbin zama a fuskar ƙarfe ƙidayayye ne. Rushewar fosfin a kan tongistin oda 1 ce a ƙaramin matsi, ta koma 0 a babban matsi, a tsakani kuma sai gutsure. In kuma gas ɗin yana rabuwa gida biyu kafin ya zauna, kamar yadda H2 yake yi a kan nikel ko filatinam, sai abubuwa biyun su haɗu: ga sukwaya rut na matsi, ga cikar gurbi. A gas zalla ma akwai irinta, inda tsarin Lindemann na 1922 yake bayyana yadda rushewar molekul ɗaya take sauka daga oda 2 a ƙaramin matsi zuwa oda 1 a babba. Ba zan tsaya a kansu ba, ginin lissafin ɗaya ne.

Sai dai ban yarda ki rubuta Michaelis da Menten a rahotonki ki rufe littafi ba, don ba a nan kaɗai gizo yake saƙar ba. Katales yana lalacewa idan feroksaid ya yi kauri, saboda haka a kwalaben da suka fi kauri wataƙila enzayim ɗin ne yake mutuwa a hannunki, ba cika ya yi ba. Kumfa tana riƙe iska ta hana ta isa inda kike aunawa, kuma ta fi yawa a inda aikin ya fi sauri. Idan kuma kin jira minti biyu ko uku kafin ki ɗauki awo, feroksaid ɗin ya riga ya ragu, abin da kika auna ba saurin farko ba ne. In ma yankakken dankali aka yi amfani da shi maimakon tataccen ruwansa, to shigar feroksaid cikin tsokar dankalin ita ma tana da nata saurin. Biyun farko ƙasa suke jan oda, kuma kowannensu zai iya mayar da 1 ta koma 0.7, sauran biyun kuma suna iya gurɓata awon.

Ga kuma zafi, wanda mu a Jos ya kamata mu fi kowa kiyaye shi. Lokacin hunturu za ki shiga ɗakin gwaji da safe ana ƙasa da digiri 15, kafin azahar an haura 25. Riyakshan mai makamashin tayarwa kilojul 50 yana ƙara sauri kusan kashi 7 cikin 100 a kowane digiri ɗaya. Ki ce odar gaskiya 1 ce, kin yi kwalbar farko da safe, kin yi mai ninkin kauri bayan ɗaki ya ɗumama da digiri 3 kacal. Maimakon sauri ya ninka sau 2, za ki ga sau 2.45, lissafi ya ba ki oda 1.29. In kika fara da mai kauri kika ƙare da mai ruwa-ruwa, kuskuren ya juya ƙasa, ki samu wajen 0.7. Na katales bai kai haka jin zafi ba, amma hanyar kuskuren ɗaya ce, ga shi kuma rushewar feroksaid da kanta tana fitar da zafi. Kwano da ruwa da ma'aunin zafi a ciki sun isa su kashe wannan matsalar.

Akwai abu biyu da ɗalibai suke ɗora wa laifi alhali ba ruwansu da oda. Garin nan yana kan tudu kusan mita 1,200, matsin iska wajen kilofaskal 88 ne maimakon 101, don haka mol ɗaya na oksijin a digiri 25 yana cin kusan lita 28, ba 24.5 ba. Wannan zai ɓata miki k in kika yi sakaci, amma ba zai taɓa n ba, don rabawa ake yi, ya soke kansa. Haka nan feroksaid ɗin kemis da ya daɗe a kanta ya rage ƙarfi: in daga kwalba ɗaya kika tsarma duka, ninkin da ke tsakaninsu yana nan yadda yake.

Abin da za ki yi shi ne ki faɗaɗa tazarar. Da awo biyu, n = log(sauri na 2 ÷ sauri na 1) ÷ log(kauri na 2 ÷ kauri na 1). In tazarar ninki 2 ce kawai, kuskuren kashi 10 cikin 100 a rabon saurin yana karkatar da n da 0.14. In ninki 10 ce, wannan kuskuren bai wuce 0.04 ba. Ki shirya kauri biyar ko shida, daga mafi ruwa-ruwa zuwa mafi kauri a samu aƙalla ninki 10, in da hali 20. Ruwan dankali ɗaya, tatacce, zafi ɗaya, ki ɗauki saurin sakannin farko, kuma kada ki bi su a jere daga ƙarami zuwa babba, ki cakuɗa. Sai ki zana log na sauri a kan log na kauri. In layin ya miƙe sak, gangararsa ita ce oda, kuma tabbatacciya ce a wannan tazarar. In ya fara da gangara kusa da 1 ya riƙa kwantawa, to 0.7 ɗinki matsakaicin lanƙwasa ce, sai ki rubuta haka: oda tana kusa da 1 a ƙaramin kauri, tana raguwa yayin da kauri yake ƙaruwa. Wannan jimlar ta fi "oda 1" daraja nesa ba kusa ba, kuma ni in ina duba rahoto ita nake ba maki. Mayar da 0.96 ko 1.05 zuwa 1 daidai ne in kuskuren awonki ya rufe tazarar. Mayar da 0.7 zuwa 1 kuwa zubar da sakamako ne.

Saura abin da jarrabawa take tambaya. Ma'aunin k yana canzawa da oda: (mol/L)^(1−n) a kowane sakan. Na oda 3/2 shi ne L^(1/2) mol^(−1/2) s^(−1), na oda 1/2 kuma mol^(1/2) L^(−1/2) s^(−1). Suna da ban tsoro a ido, amma daidai suke. Ga kowace n da ba 1 ba, dokar lokaci ɗaya ce, inda [A]0 take nufin kaurin farko, t kuma lokaci:

1/[A]^(n−1) = 1/[A]0^(n−1) + (n−1)kt

A oda 3/2, zana 1/√[A] a kan lokaci yana ba da miƙaƙƙen layi mai gangara k/2. Lokacin da rabi yake ƙarewa shi ne 0.83 ÷ (k√[A]0), kuma kowane rabi na gaba ya fi na bayansa tsawo sau 1.41. A oda 1/2 kuwa √[A] = √[A]0 − kt/2, kowane rabi na gaba ya fi gajarta, kashi 0.71 na wanda ya gabace shi, kuma lissafin yana cewa abin zai ƙare ƙarƙaf a t = 2√[A]0 ÷ k, abin da oda 1 ba ta taɓa yi. Wannan tsawo ko gajartar rabi-rabi hanya ce mai sauri ta gane oda daga tebur ɗin awo tun kafin ki zana komai.

Ki lura dai, wannan dokar ta lokaci ta ɗauka cewa abin da riyakshan ya haifar ba ya sa baki, kuma kin ga HBr yana sawa. Shi ya sa odar da ake samu daga saurin farko da wadda ake samu daga bin kwalba ɗaya har ƙarshe ba lallai su zo ɗaya ba. Asitaldihaid ɗin nan ma ya taɓa rikita manya: Hinshelwood da Hutchison sun ba shi oda 2 a 1926, sai daga baya Letort na Faransa ya nuna cewa in aka bi saurin farko 3/2 ce, in aka bi lokaci kuma tana fitowa wajen 2. In biyun suka saɓa haka, ta lokaci ta fi girma, alama ce cewa wani abu da yake taruwa a kwalbar yana taka wa aikin birki.

'Yan rukuninki suna ganin cikakkiyar lamba ita ce tudun mun tsira, to ki ba su labarin haidirojin da ayodin. Bodenstein ya auna H2 + I2 → 2HI tun shekarun 1890, ya samu sauri = k[H2][I2], oda 2 tsaf. Kusan shekara 70 ana koyar da shi a matsayin misalin karo guda tsakanin molekul biyu. A 1967 John Sullivan ya yi amfani da haske ya raba ayodin a zafin da bai isa ya raba shi ba, ya auna saurin da atam ɗin suke aiki da H2, ya nuna cewa wannan hanyar ta isa ta bayyana saurin da aka daɗe ana aunawa. Wato I2 yana rabuwa ya ba da 2I, kamar buromin, kuma [I] tana bin [I2]^(1/2). Bambancin shi ne atam ɗin ayodin ɗaya ba shi da ƙarfin tsinka H–H a wannan zafin, sai biyu sun taru a kansa. Saurin ya zama k[H2][I]^2, sukwaya rut ɗin ya hau fawa 2 ya koma [I2]. Rabi biyu ne a cikin wannan 1 ɗin, kuma dokar sauri ita kaɗai ba ta iya bambance wannan hanyar da karo guda ba, sai da aka kawo fitila.